Manajan Zakunan Zakka

Ranar wata Asabar da hantsi, a shagon cajin waya na Labaran da ke bakin tashar Safana, Malam Zaharaddeen ya daki benci da tafin hannu ya ce shekara goma zai yi yana ɗaukar kofi, wanda bai yarda ba ya rubuta ranar ya ajiye.

"Goma a jere," ya ce. "Daular da zan kafa, jikokinku sai sun yi jarrabawa a kanta."

Malamin firamare ne a Zakka, haifaffen garin, mai dogon wuya da biro uku a aljihun gaba, biyu ba sa rubutu. Abin da yake ci wa wannan alwashi kuwa wasa ne na cikin waya. Najib, wani malamin gona da ke aiki a Batsari, shi ya tono shi a shekarar da aka cire tallafin mai, lokacin da kuɗin gidan kallon ƙwallo ya fara gagarar masu albashi. Wasan na Amurkawa ne, sunansa besbol: wani ya jefo ƙwallo, wani ya make ta da sanda, a ruga da gudu. A cikinsu babu wanda ya taɓa ganin ana yin sa, a wayar ma ba a ganin komai, rubutu ne da lambobi zalla. Shi ya sa ya karɓu, don datar naira ɗari biyu sai ta kai mutum mako. Kowa manaja ne. A ba ka kulob da dala miliyan ɗari da ashirin ta bogi, ka sayi 'yan wasa, ka biya su albashi, na'ura ta buga wasannin da kanta ta aiko maka da sakamako. 'Yan wasan suna tsufa, suna karyewa, suna yin ritaya, shekara tana bin shekara.

Mutum takwas suka shiga, huɗu daga Safana, huɗu daga Batsari. Labaran da ya ga duk a shagonsa za su riƙa caji, sai ya sa buhun gero kyauta ga wanda ya zo na ɗaya. A shekarar nan buhun gero ba abin dariya ba ne.

Malam Zaharaddeen ya raɗa wa kulob ɗinsa suna Zakunan Zakka.

"Malam, ka karanta bayanin da na tura maka?" in ji Najib.

"Wanda bai iya ba shi ke karanta bayani. Ni lissafi nake koyarwa tun kana yawo ba wando."

Aka buɗe kasuwar 'yan wasa. Kafin sauran su gama duba jerin sunaye, Malam ya zube miliyan casa'in a kan mutum uku, talatin talatin. Sunayensu sun ƙi faɗuwa a bakinsa, sai ya sake musu: Aradu, Guguwa da Bahago.

Labaran ya leƙo ta bayan kafaɗarsa. "Wannan Aradun ai shekararsa talatin da tara."

"Shekarun hankali ke nan. Ku je ku yi ta sayen yara, a ga wanda zai yi renon."

Sai aka zo kan masu jifa. Kowane mai jifa yana da lamba a gaban sunansa, wadda ke nuna yawan cin da ake yi masa, saboda haka ƙarama ita ce mai kyau. Malam ya duba ya ga masu biyu da uku suna da ɗan karen tsada, masu takwas da tara kuwa kamar kyauta. Ya ƙyalƙyale da dariya har hularsa ta goce.

"Ku zo ku ga wautar Bature! Mai maki tara ya fi mai maki biyu araha. Wanda ya tsara abin nan bai gama aji uku ba."

Ya kwashe su kaf, su shida.

Najib ya ce, "Malam, ita wannan lambar fa..."

"Hassada. Ka ga na riga ka."

Najib ya buɗe baki zai ƙara magana, Labaran ya taka masa ƙafa. Ya rufe bakinsa ya ci gaba da sayen yaransa.

Wasan farko aka ci Zakuna sha huɗu da nema. Malam ya ce karantar abokan gaba yake yi. Na biyu aka ci su sha tara da biyu, ya ce ai kun ga an fara samun biyu. Na uku ya ce baturinsa ne ya mutu. A mako na biyu saƙo ya shigo cewa Aradu ya karye a hannu, zai yi wata huɗu a kwance, albashinsa kuma yana nan yana tafiya.

Saƙon ya same shi ne a bayan babur ɗin Ado, ɗan acaba mai furfura a gemu, wanda ba a taɓa jin magana ta kwana a cikinsa ba. Suna kan hanyar Zakka. Nan take Malam ya kira Najib, yana ɗaga murya don iska.

"Wane irin zalunci ne wannan? Dala miliyan talatin na zuba a kan mutumin nan! Yanzu abin da ya rage a hannuna bai fi miliyan sha biyu ba!"

Babur ya yi wata irin karkata, saura kaɗan su faɗa gonar gyaɗa. Ado ya taka burki ya waiwayo.

"Malam, dala na ji ka ce?"

Kalma uku, "ta wasa ce," sun isa su kashe maganar a wurin. Amma Malam ya ga yadda idon Ado ya fito, abin ya yi masa daɗi. Ya mayar da waya aljihu a hankali, ya gyara hula.

"Harka ce ta ƙasar waje, Ado. Ba za ka gane ba."

Da suka isa ya miƙa kuɗin mai, Ado ya ja da baya. "Haba ranka ya daɗe, bar shi. Ma haɗu a gaba."

Kafin la'asar, miliyan sha biyun ta zagaye Zakka ta dawo miliyan hamsin. Gaisuwar da a da ake yi wa Malam a tsaye aka koma yi a durƙushe, ana tambayar gida, da aiki, da gajiya, da gajiyar jiya. Mahauci ya aiko da tsoka ya ce a ɗanɗana. A masallaci aka buɗa masa wuri a sahun gaba, kusa da taga. Wani maƙwabci da suka yi shekara biyu ba sa magana saboda akuya ya raɗa wa jaririnsa Zaharaddeen.

Matarsa Hansatu ta tare shi a tsakar gida, muciya a hannu.

"Malam, wace dala ce ake ta yi mini barka da ita?"

"Kin san mutane da son magana."

"To fita ka ce musu ƙarya ne."

"Ƙarya kuma? Kuɗin suna nan a rubuce."

"A ina?"

"Cikin waya."

"To ciro mini na manja."

"Ba a ciro su."

Ta dube shi daga hula har silifa. "Kuɗin da ba a ciro su ai ni ma ina da su. Nawa sun fi naka ma."

Bayan kwana uku surukinsa Baba Jinjiri ya iso daga Wagini a kan jaki, da zabbi biyu ɗaure a gefen mangala. Tsoho ne manomi, wanda tun ranar ɗaurin aure bai ɓoye cewa ya fi son 'yarsa ta auri mai shanu ba. Yau shi ne ya fara miƙa hannu. Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa har ruwan da aka kawo ya huce sanyi. Sannan ya matso.

"Ɗana, ni ba mai dogon buri ba ne. Shanun huɗa biyu, sai taki ko buhu huɗu. Wagga shekara ta gwada muna abin da ba mu taɓa gani ba."

Hansatu tana bakin ƙofar ɗaki tana kallon mijinta. Malam ya yi tari.

"Baba, kuɗin a ɗaure suke. Ba a taɓa su sai ƙarshen kaka."

Kakar wasa yake nufi. Tsohon ya washe baki.

"Kaka ai ta zo gida! Gero ya fidda kai. Allah shi yi maka albarka, dama tun farko na ce yaron ga yana da ƙashin arziki."

Ya hau jakinsa ya tafi yana ta sa albarka. Hansatu ta ce ita ba za ta dafa zabbin yaudara ba. Malam ya fige su da kansa, ya gasa a bayan ɗaki, ya ce bai taɓa ganin mace mai baƙin ciki da ci gaban mijinta irinta ba.

A cikin waya kuwa Zakuna sun zama abin tausayi. Wasa talatin da huɗu, sun ci huɗu. Guguwa ya gurɗe a ƙafa. Bahago lafiyarsa ƙalau, sai dai duk ƙwallon da aka jefo masa iska yake duka. Masu maki taran nan sun ƙara ƙwazo, wani har ya kai sha ɗaya. 'Yan gasar suka fara rige-rigen ranar da za su haɗu da Malam, kamar ranar albashi. Duk Asabar in ya shiga shagon Labaran sai a miƙe a ce, "Daula ta iso!"

"Ku yi dariyarku," in ji shi. "Ni abin da nake hangowa ba ku da tsawon ganin sa."

Abin da yake hangowa wani tsoho ne mai shekara arba'in da aka sa a kasuwa, wanda a ganinsa shi kaɗai zai ɗaga kulob. Sai dai babu kuɗi, albashin guragu ya cinye. To a wasan, kowane kulob yana da rukunin yara matasa da ake reno don shekaru masu zuwa. Amurkawa gona suke ce wa wannan rukuni, su ma 'yan gasar haka suke cewa. Gonar Malam kuwa, bisa sa'a ba bisa dabara ba, ita ce ta fi ta kowa kyau. Najib ya daɗe yana haɗiyar yawu a kanta.

Ranar rufe kasuwa ta zo, sabis ya ɗauke a Zakka. Wuri ɗaya ake samun sa in ya yi haka, kan wani ɗan tudu da ke gefen famfon burtsatse. Malam ya hau tudun da tsakar rana, ƙasa kuma layin masu ɗiban ruwa ne har ya lanƙwasa. Layin waya yana yankewa, dole ya yi ihu.

"Najib! Kana ji na? Na ce na sayar maka da gonar! E, duka! Da duk abin da ke cikinta! Miliyan sha biyar, ba ragi!"

Hannun famfo ya tsaya. A cikin layin akwai Larai, matar yayansa Ya'u. Gona ɗaya tak mahaifinsu ya bar musu, ta bakin rafi, ba a raba ba, kuma Ya'u ne yake noma ta. Larai ta saki bokiti ta kwasa a guje, zani a hannu.

Malam bai ma lura ba. Kuɗi sun shigo, saura minti biyar a rufe kasuwa, rana tana dukan gilashin waya ba ya ganin komai sai fuskarsa. Ya kare da hula, ya danna, ya sake dannawa, aka tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Da ya sauko inuwa ya duba, sai ya ga ba tsohon kasuwa ya saya ba. Kwantiragin Aradu mai karyayyen hannu ya sabunta, na shekara biyar.

Yana tsaye yana ƙirga shekarun da Aradu zai kai, arba'in da huɗu, sai ya ji ana kiran sunansa da muryar da ba ta gaisuwa ba. Ya'u ne ya taho daga gona, fartanya a kafaɗa, Larai tana biye tana ƙara masa bayani. Malam bai tsaya jin ba'asi ba. Ya tattare riga ya bi ta lungu, silifa ɗaya ta tsaya a hanya, ya faɗa gida, ya ɗare rumbu ya dira ciki. Wuri kam akwai, don rumbun tun watan azumi babu komai a cikinsa.

Ya'u ya shigo yana huci. "Hansatu, ina mijinki?"

Ta nuna rumbu da muciya.

"Zaharaddeenu! Fito ka faɗa mini gonar uban wa ka sayar!"

Murya ta fito daga ciki, a shaƙe. "Yaya, ba wannan gonar ba ce."

"Wata gona gare ka?"

"Ta ƙasar waje ce."

"Me kake nomawa a cikinta?"

"Yara."

Ya'u ya dubi Hansatu, Hansatu ta dubi Larai. Larai ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Yara yake sayarwa?"

Ana cikin haka maƙwabcin nan mai jariri ya faɗo gidan ko sallama babu. Wasu baƙi biyu a kan babur ɗaya, ya ce, sun tsaya a bakin gari suna tambayar gidan malamin nan mai dala.

Nan dariya ta ƙare. A wannan yanki, a waɗannan shekaru, kowa ya san abin da baƙi biyu a kan babur suke iya zama. Unguwa ta hargitse. Masu shanu suka kwance su suka kora bayan gari, mata suka kwashi yara, mahauci ya rufe teburinsa da nama a kai. Ya'u ya manta da gona, ya tsaya a bakin zaure da fartanyarsa, don ƙane ƙane ne ko da wawa ne. Hansatu ta shiga ɗaki ta ƙulle kaya, ta fito ta tsaya a gindin rumbu.

"Ana ɗauke mutum daga gonarsa saboda buhun wake ɗaya, kai kana hawa tudu kana shelar miliyan. In sun zo me za ka ba su? Aradu?"



Baƙin dai da aka tare su aka bincika, dillalan filaye ne, sun ji labari a tasha sun zo yi wa Malam tallan fuloti. Aka sallame su da kyar, bayan sun sha tambayoyi da ɗan abin da ya fi tambaya. Amma mai unguwa ya ce tun da labari ya kai kunnen dillalai, zai kai kunnen waɗanda ba dillalai ba. Ya ce gobe bayan la'asar kowa ya hallara a ƙofar gidansa, a ɗauko wannan Najib ɗin daga Batsari.

Washegari ƙofar gidan mai unguwa ta cika har kan katanga. Ado ya kawo Najib, Labaran ya rufe shago ya biyo su don kada a ba shi labari. Baba Jinjiri ma ya iso, ya ji an sayar da gona ya ɗauka kuɗin shanu sun kwance, har da igiya ya taho. Malam ya zauna a tsakiya cikin babbar riga, da ƙaiƙayin rumbu a bayan kunne.

Mai unguwa ya dubi Najib. "Kai ka sayi gona?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Tana ina?"

"Cikin waya."

"Eka nawa ce?"

"Yaro goma sha takwas ne, ranka ya daɗe. Amma ba yaran gaske ba ne. Wasa ne. Sunaye ne kawai na'ura ta ƙirƙira."

Ya'u ya miƙe. "Ta bakin rafi fa?"

"Ban ma san da ita ba."

Ya'u ya zauna yana hamdala, sannan ya tuna gudun da ya sha, ya harari ƙanensa.

"Dalar fa?" in ji mai unguwa.

"Ita ma ta wasa ce. Kowa an ba shi. Ni ma ina da ita, Labaran ma da ya shiga da an ba shi. Ko ashana ba ta saye."

Guna-guni ya tashi. Mahauci ya fara lissafi da yatsu. Da Malam ya yi shiru a nan, da wataƙila an tashi da sauran mutunci. Amma ya ji ana cewa "ashe ba komai," abin ya soke shi, ya miƙe ya baza riga.

"Ranka ya daɗe, a yi adalci. Kuɗi na wasa ne, na yarda, amma basirar ta gaske ce. Ba kowa ake damƙa wa miliyan ɗari da ashirin ya juya ba. Kulob ɗin nan ni ne wuƙa, ni ne nama, ba mai ce mini uffan. Ga shi nan, kowa ya gani da idonsa."

Ya zaro waya ya ɗaga sama. Sabis, da ya yi kwana biyu yana ɓuya, ya ga dama ya dawo a daidai lokacin. Waya ta yi ƙara.

"Kun ji ko?" in ji Malam. "Daga ofis ne. Ba sa iya komai sai da ni."

"Ba wa malamin gona ya karanta muna," in ji mai unguwa.

Najib ya karɓa ya duba. Ya ɗago ya dubi Malam, ya sake dubawa. "Ranka ya daɗe, da dai an bar shi ya karanta a gida."

"Karanta."

"Daga mai kulob ne. Shi ma na'ura ce." Ya gyara murya yana fassarawa a hankali. "Ya ce, zuwa ga manaja. Wasa saba'in aka buga, ka ci tara. 'Yan kallo sun daina zuwa. Ka sayar da yaran da muke sa rai da su. Ana bin kulob bashin dala miliyan arba'in." Ya tsaya.

"Ci gaba."

"Ya ce an sallame ka daga yau. Na'ura za ta riƙe kulob ɗin kafin a samu wanda ya iya. Ya ce sun gode da ƙoƙarinka."

Sai Baba Jinjiri ya miƙe a hankali, igiya a hannu, ya matso har gaban surukinsa ya leƙa fuskarsa.

"Tsaya in gane. Kuɗin ƙarya aka ba ka?"

"E, Baba."

"Ka cinye su?"

"Ba ci ba ne, zuba jari..."

"Har ka ci bashi a kai?" Tsohon ya juya ga jama'a. "Jama'a, mi kuka gani? Ko a mafarki yaron ga matsiyaci ne!"

Dariya ta ɓarke kamar an fasa tulu. Labaran ya faɗi daga kan benci. Wani a kan katanga ya yi ta dariya har ya rikito. Ado ya ratso taro yana cewa a ba shi kuɗin mansa na tafiya shida, mahauci yana bayansa, maƙwabci kuma yana tambayar liman ko ana iya sake wa jariri suna bayan kwana ashirin.

"Wucin gadi ne!" Malam yana ihu. "Manyan manajoji duk an taɓa korar su!"

Mai unguwa ya share hawaye da bakin rawani ya ɗaga hannu, aka yi shiru.

"Ba a sayar da gona ba, alhamdulillahi. Amma maganar dala ta fita, kuma sai an bi ta an kashe, don mu samu mu yi barci. Ranar kasuwar Safana sanƙira zai zagaya ya sanar cewa ba ka da komai. Kai kuma za ka bi shi a baya, don wanda bai san ka ba ya gane fuskar."

"Ranka ya daɗe, ni fa malamin makaranta ne."

"Shi ya sa za a yarda da sauri."

Ranar kasuwa sanƙira ya sa gaba, Malam yana biye, kansa a sama kamar mai duba hadari. Suka fara daga 'yan hatsi, suka ratsa 'yan awaki, suka ɓullo ta 'yan koli. Sanƙiran mutum ne mai son aikinsa, ba ya rage komai.

"Jama'a ku saurara! Wannan da kuke gani Malam Zaharaddeen ne na Zakka! Ba shi da dala! Ba shi da naira! Rumbunsa wayam, shi da kansa ya shiga ya duba! Duk wanda ya ɗauke shi, ciyarwa ta hau kansa!"

Malam ya ja masa riga, ya yi ƙasa da murya. "Kai, ka faɗi wani abin kirki mana. Ka ce ina da takardar shaidar malanta, da daraja ta biyu."

"Ya ce a gaya muku yana da takarda!"

"Nawa tiya?" wani ya tambaya daga cikin 'yan hatsi.

A bakin fita kasuwa akwai wata tsohuwa, Zinariya, mai sayar da gyaɗa soyayya, kunnenta ya yi nauyi, rabin shelar kawai ta ji. Ta ga mutum dogo cikin babbar riga ana zagayawa da shi ana cewa ba shi da komai, tausayi ya kama ta. Ta yafito shi, ta cika gwangwani ta juye masa a tafin hannu.

"Ungo, bawan Allah. Ka yi haƙuri, shekarar ce haka. Allah ya kawo maka mafita."

Malam ya dubi gyaɗar, ya dubi jama'ar da suka tsaya suna jiran abin da zai yi. Tun safe ko koko bai sha ba.

"Iya, ni ba na karɓar sadaka," ya ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Zan dai riƙe miki a matsayin hannun jari."

Ya watsa rabi a baki, ya bi sanƙira zuwa layin 'yan kaji yana tauna.